Gyaran Fasalin Gidan Teras a Abuja: Kurakuran da Aka Fi Yi

Gidan teras, irin wanda ya cika Jahi da Wuye da Katampe da Lokogoma, kusan duk siffarsa ɗaya ce: fuska 'yar siririya, jiki ya miƙe ciki, bango ɗaya da maƙwabcin dama, ɗaya da na hagu, sai hawa biyu ko uku. Wanda ya gina, don sayarwa ya gina, bai kuma san wa zai saya ba. Bai san duk ƙarshen wata kana sauke baƙi daga Kano ko Gusau ba. Bai san Hajiya Babba za ta zo ganin likita ta zauna wata uku ba, balle ya san da azumi ana tuƙa tuwon mutum ashirin. Don haka gyara kusan dole ne. Abin da ke ɓata shi, ana ɗauko shi ne daga hoton da aka gani a waya, a fara da tayil da fitilu, a bar ƙashin gini da bututun ruwa da hanyar iska sai sun kawo ƙara da kansu.

"Alhaji, ai bulo ne kawai"

Da wannan maganar ake jawo asarar da ta fi kowace tsada. Maigida yana son falo ya faɗaɗa, birkila ya ƙwanƙwasa bango da bayan hannu ya ce a fasa. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa akwai ginshiƙi a ɓoye cikinsa, wani ma shi ke ɗauke da dakin, wato shimfiɗar kankaren da hawan sama ke kanta. Kaurin bulo ba hujja ba ne. An saba cewa mai inci tara shi ke ɗaukar kaya, mai inci shida kuma na rabo ne, amma a gidajen da aka gina da gaggawa don kasuwa ana samun akasin haka.

Kafin guduma ta taɓa komai, ka nemi zanen ƙarafunan gidan daga wanda ya sayar maka, ka kuma kawo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. Idan babu zanen, zai sa a kankare filasta a wasu wurare ya ga inda ginshiƙi da bim, wato ginshiƙin kwance da ke tallafe dakin, suke. In ya ce bangon yana ɗauke da nauyi, ba shi ke nan an fasa gyara ba: ana tokare dakin, a zuba sabon bim, a bar shi ya yi ƙwari, sannan a cire abin da ke ƙasa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma mai gaggawar tarewa kafin Sallah ba ya son jin wannan.

A teras abin ya fi haɗari, domin sau da yawa dakin da bim ɗin a haɗe suke daga gida zuwa gida. Ka fasa a naka, tsagewa ta fito a ɗakin kwanan maƙwabci. Bangon da kuke tarayya kuwa, kada ka bari a sassaƙe shi don binne babban bututu ko yin gurbin talabijin. Bulo ramuka ne a ciki, da an huda shi hirar gidanka ta koma ta gida biyu.

Ƙara nauyi ma kamar fasawa ne, sai dai shi ba ya ƙara ana ji. Baranda da ta zarto waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, a jera mata bulo a mayar da ita ɗaki. Ko a ɗora tankin ruwa a kan dakin, an manta cewa lita 1,000 tan ɗaya ne cur. Ko a tsaga ɗakin sama biyu da bulo a inda babu bim a ƙasa. Idan rabon ɗaki kake so a sama, allon jibsam ko katako ya wadatar. Kuma duk abin da ya shafi ƙashin gini, ko ƙarin hawa, ko sauya fuskar gida, sai da izinin sashen kula da gine-gine da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar kula da birnin Abuja. Jan fentin da suke shafawa a bangon ginin da ya saɓa ƙa'ida kowa a Abuja ya san shi. Ka duba ƙa'idojin rukunin gidajenku ma, wasu ko launin fentin waje ba a yarda ka sauya ba.

Kicin a buɗe

Yayin da ake yi yanzu shi ne a cire bangon kicin a haɗe shi da falo. A hoto yana da kyau, amma girkin da ke cikin hoton ba namu ba ne. Ranar da aka soya manja da attaruhu, ko aka jefa daddawa a miyar kuka, labule da kujeru sai su kwana biyu suna ba da labari. Ga kuma uwargida da ke son ta yi aikinta ba mayafi, alhali abokan maigida suna zaune suna kallon ƙwallo. A ganina wannan gyara ne da gidan Bahaushe ba ya buƙata. Idan ana so mai girki ta riƙa ganin yara, ƙofa mai zugewa ko 'yar taga ta miƙa abinci ta isa, a buɗe in an ga dama, a rufe in baƙi sun zo.

Abin da kicin ɗin teras ya rasa shi ne wurin aiki mai nauyi. Ɗan filin bayan gida a yi masa rumfa, a sa famfo da magudana da daɓe mai ƙwari, nan za a yi daka, a hura gawayi, a wanke manyan tukwane, a gyara naman layya. Tukunyar gas ma can ya kamata ta zauna, cikin keji mai shan iska, a jawo bututu zuwa ciki. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa kulle shi cikin kabad kuskure ne. Na'urar zuƙar hayaƙi kuma a duba ko tana da bututun da ya fita waje, don da yawa juya hayaƙin kawai suke yi a cikin ɗaki.

Sai sito. Ana cinye shi don a ƙara wa kicin faɗi, daga baya buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar mai da doya su koma ƙarƙashin teburin cin abinci. A bar sito, a ware wa firiza gurbi da soket nasa, a kuma bar kamar mita 1.2 tsakanin kantar aiki da wadda ke fuskantarta, yadda mutum biyu za su gifta juna da tukunya a hannu.

Aikin da zaure yake yi

A gidan gargajiya baƙo yana tsayawa a zaure, cikin gida kuma yana harkarsa. A teras kana buɗe ƙofa ka faɗo falo, matakalar bene ma a cikin falon take. Ma'ana duk wanda zai hau ko ya sauko sai ya ratsa ta gaban baƙi. Yarinya ta dawo daga Islamiyya, ko matar gida tana son ta sauko kicin, sai su maƙale har a yi sallama. Mutane suna kashe miliyoyi a silin da fitilun falon nan, su bar wannan matsala yadda take.

Maganinta ba shi da tsada. A yanki kamar mita ɗaya da rabi daga bakin ƙofa a yi ɗan shamaki, ya zama wurin cire takalma da tsayawar mai kawo saƙo, sannan a ja shamakin ya rufe hanyar da ta tafi matakala da kicin. Falo zai ragu kaɗan, amma gida ya samu hanya biyu. Kada shamakin ya kai silin, ko a yi samansa da katako mai ramuka, don iska ta wuce. Bayin baƙi kuma a juya ƙofarsa ta kalli wannan lungun. Babu baƙon da ke son ya fito da buta a hannu ya tarar da idon mutum takwas a kansa. Ƙaramin falon sama, wanda ake yawan mayarwa ɗakin kwana, a bar shi. Ranar suna za a gane amfaninsa.

Iska da haske

Gidan da ke tsakiyar layi fuska biyu kawai yake da ita, gaba da baya. Duk abin da ya toshe ɗaya ya kashe gidan. Wanda ya gine filin baya ya ƙara ɗaki, ya rufe baranda, ya tsaga babban ɗaki har rabi ya rasa taga, garin neman gira ya rasa ido. A watan Maris, in wuta ta ɗauke, ɗakin ba ya kwantuwa. A watan Agusta kuma fumfuna ta kama bango da takalman da ke cikin kabad.

Iska tana son ta shiga ta gaba ta fita ta baya, don haka a duba abin da ke tsakaninsu. 'Yar taga a saman ƙofofin ciki tana taimakawa ko da ƙofa na rufe. A can ƙololuwar matakala a yi mafita mai raga, domin iska mai zafi sama take hawa, in ta samu hanya sai ta jawo mai sanyi daga ƙasa. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, mai buɗewa kamar ƙofa kuwa duka take bayarwa, kuma ta fi rufuwa ruf idan ƙurar hunturu ta taso. Idan gidan yamma yake kallo, a tare rana daga waje da rumfa ko itace, don labule sai zafi ya riga ya shigo yake tare shi. Ɗakin maigida da ke can ƙarƙashin kwano kuma, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin kafin a yi maganar ƙara na'urar sanyaya ɗaki ta biyu.

Bayi

Kowa yana son kowane ɗaki da bayinsa. Matsalar ita ce babban bututun da ke sauke ƙazanta wuri ɗaya yake tsaye, daga sama har ƙasa. Bututu mai inci huɗu yana son gangara kamar ɗaya cikin 40, wato in ka nisanta masai da mita huɗu sai an samu saukar santimita 10. Ina za a samo ta? Ko dai a ɗaga daɓen bayin ya zama tudu, ko mai aikin famfo ya sassaƙe dakin ya yanke rodi. Na biyun ake yawan yi, a ɓoye, sai bayan shekara tabon ruwa ya fito a silin ɗin falo. A ajiye bayi a kan bayi, ko a jikin bangon da bututun yake. Idan bai yiwu ba, ɗakuna biyu su yi tarayya a ɗaya.

Bayinmu kullum a jiƙe yake, ga buta, ga alwala sau biyar. A sa tayil maras santsi, daɓe ya gangara zuwa magudana, a kafa famfo ƙasa-ƙasa inda za a wanke ƙafa ba tare da an ɗaga ta cikin kwanon wanke hannu ba. Kafin a manna tayil a shafa maganin hana yoyo, a toshe magudana, a tara ruwa ya kwana ɗaya ko biyu, a sauka ƙasa a duba silin. Mai aiki zai ce, "Hajiya, ɓata lokaci ne." A ce masa an ji, a tara ruwan.

Alƙibla daga Abuja tana wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas. Malikiyya sun sassauta game da fuskantarta lokacin biyan buƙata a cikin gini, amma mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya, kuma juya masai a kan takarda kyauta ne, bayan an binne bututu kuwa sai an fasa.

Tsofaffi, matakala, da hanyar fita

Idan babu ɗakin kwana a ƙasa, a samar da shi, ko da za a haɗe boskwata da cikin gida ta ƙofa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai jego da aka yi wa tiyata, wanda ya karye, duk ba sa hawa bene. Ƙofar ɗakin da ta bayinsa su kai santimita 90, keken guragu ya shige.

Matakala kuma ana ɓata ta wajen sauya tayil. A ɗora sabo a kan tsoho, sai taki na farko da na ƙarshe su bambanta da sauran, kuma a nan ake tuntuɓe, don ƙafa tana haddace tsayin taki. Kowane taki ya zama daidai da ɗan'uwansa, tsayi kada ya wuce santimita 17 zuwa 18, faɗin wurin taka ƙafa kada ya gaza 25. Tazarar ƙarafunan gefe kada ta wuce santimita 10, kan yaro ba zai shige ba.

Ƙarƙashin matakala wuri ne da ido ke kwaɗayi. Can ake cusa baturan inbata, wani ma har da jarkar fetur. Amma a teras matakalar nan ita kaɗai ce hanyar sauka, tagogi kuma duk an yi musu ƙarfe. In wuta ta tashi a nan, mutanen sama ba su da mafita. Batura a kai su wuri mai iska, musamman masu ruwa, waɗanda ke fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. Janareto kuwa waje, nesa da taga, taka da ta maƙwabci, don gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma a barci take kashe mutane. A kowane hawa a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki, manyan gida duk su san inda makullin yake.

Kafin a biya kuɗin siminti, a ɗauki alli a zana sabon fasalin a ƙasa, da gado da kujeru da inda kowace ƙofa za ta buɗe. A kira uwargida da mai aikin gida su bi ta ciki kamar suna ɗauke da tire, a shimfiɗa darduma a ga ko sahu zai samu wuri ba tare da an ja gado ba. A nan ne za a tsayar da wurin soket da makunnin fitila, tun ba a rufe silin ba. Ranar da aka gama jan wayoyi da bututu, kafin birkila ya yi filasta, a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa, a ajiye tare da takardun gida.