Yadda matashi zai magance ciwon dasashi da janyewarsa

Jinin da ke fitowa lokacin goge baki ba lafiya ba ne, ko da babu zafi. Alama ce ta cewa datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, ya taru a bakin dasashi ya kumbura shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina taɓa wurin saboda jinin. Sai dattin ya ƙaru, cikin 'yan kwanaki ya daskare ya zama tsatsa, wadda buroshi ba ya iya cirewa.

Idan abin bai wuce kumburi da jini ba, yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ka samu buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Ka karkata bakin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa juya shi a hankali, haƙora biyu-biyu, ciki da waje, na minti 2, safe da dare. Kada ka manta da bayan haƙoran gaba na ƙasa, nan tsatsa ta fi taruwa. Sau ɗaya a rana ka bi tsakanin haƙora da zaren sakace, ka lanƙwasa shi a jikin haƙori ka zame shi ƙarƙashin dasashi kaɗan. Tsinke ba ya yin wannan aikin, sai dai ya ji wa wurin ciwo. Mai amfani da asuwaki ya tauna bakinsa har ya yi laushi, ya datse tsohon baki a kai a kai.

Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi. Ruwan kurkure baki na Chlorhexidine yana taimakawa, amma kada ya wuce mako 2, domin yana rina haƙora, kuma a bar rabin sa'a tsakaninsa da man goge baki.

Janyewar dasashi kuwa, a san wannan tun wuri: wanda ya janye ba ya dawowa da kansa, babu man da ke tsiro da shi. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da shi. A wurin matasa, sau da yawa ba datti ne ya jawo ba, dirza ce. Buroshi mai tauri, goga gefe zuwa gefe da ƙarfi, da gawayi ko toka don neman farin haƙori, duk suna cinye dasashi. Za ka ga haƙorin ya yi kamar ya ƙara tsawo, gindinsa rawaya, ruwan sanyi na sa shi zafi. Idan gashin buroshinka ya baje kafin wata 3, ƙarfin ya yi yawa. Man goge baki na masu jin zafin haƙori da ruwan sanyi yana sauƙaƙa zafin bayan makonni.

Je ka ga likitan haƙori idan jini ya wuce mako 2, ko akwai warin baki da ba ya tafiya, mugunya, ko haƙori yana girgiɗi. Zai auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama cuta ta shiga. Zai kankare tsatsar har ƙarƙashin dasashi, wani lokaci da allurar kashe zafi. Janyewa mai yawa ana rufe ta da tsokar da aka ɗebo daga ganɗa.

Akwai wani nau'in ciwon dasashi mai saurin cin ƙashin da ke riƙe haƙora, wanda ke kama matasa, yana farawa daga haƙoran gaba da turamen farko, sau da yawa yana kama 'yan gida ɗaya. Idan haƙoranka sun fara rarrabuwa kana ɗan shekara 20, kada ka jira zafi, kuma ka sa a duba ƙannenka. Kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka a kemis, ba ya aiki sai an kankare tsatsar.

Sigari da shisha suna ɓoye jinin alhali cutar na ci, suna kuma hana warkewa. Mai ciwon suga da mai juna biyu su faɗa wa likita kafin ya fara aiki.