Yadda Ake Gane Ƙaguwa Mai Jajayen Ɗigo a Gaɓar Accra

Mai son ganin wannan ƙaguwa, wadda masana ke kira Calappa rubroguttata, ya je unguwar Jamestown ko ta Chorkor a bakin tekun Accra lokacin da masunta ke jawo koma, domin cikin yashin ƙarƙashin ruwa take binne kanta. Da farko a dubi bayanta, wanda yake a tudu kamar kifaffiyar ƙwarya, da jajayen ɗigo a kansa. Idan an taɓa ta, sai ta rufe fuska da faffaɗan hannuwanta kamar amarya. A riƙe ta ta baya, domin hannun damanta yana da haƙorin fasa katantanwa, kuma bai san yatsa ba. Wadda aka tarar da ƙwai a ƙarƙashin cikinta, a mayar da ita teku.