Yadda ake tsara hutun ƙarshen mako a Tokyo don masu son zane da katun

Tikitin gidan tarihin Ghibli, kamfanin finafinan katun na Japan, da ke Mitaka a yammacin Tokyo ne farkon abin nema, domin ba a sayar da shi a bakin ƙofa. Ranar 10 ga kowane wata ake buɗe cinikin na watan gaba ta shafin sayar da tikiti na Lawson Ticket, da ƙarfe 10 na safe agogon Japan, wato 2 na dare a Kano ko Damagaram. Na Asabar da Lahadi nan da nan suke ƙarewa. Mutum ɗaya ya saya wa kowa, ya rubuta sunansa daidai yadda yake a fasfo, kuma da shi za a je, saboda ana iya duba shaida a ƙofa. Kuɗin babba yen 1,000 ne.

Kowane tikiti da lokacin shigarsa, kuma na safe ya fi. Ranar Asabar, daga tashar Shinjuku ku hau jirgin ƙasa na layin Chuo, kusan minti 20 zuwa Mitaka, sai tafiyar ƙafa ta minti 15 a gefen ruwan Tamagawa Josui. An hana ɗaukar hoto a ciki, sai a waje, kamar lambun da ke kan rufin. Ku ware awa biyu zuwa uku, ku fi daɗewa a ɗakunan da aka jera zanen fensir da fentin bango, inda ake ganin yadda hoto ke samun motsi. Akwai gajeren fim na kimanin minti 15 a ƙaramar silimar gidan, sau ɗaya ake kallo da tikiti guda.

Kada ku tsallaka gari ranar nan. Layin Chuo kaɗai ya isa: Ogikubo don gidan tarihin katun na Suginami, wanda shigarsa kyauta ce, sai rukunin shagunan Nakano Broadway don tsofaffin littattafan manga, wato labaran zane na Japan.

Lahadi da safe ku nufi unguwar Ueno mai gidajen tarihi da yawa, ku zaɓi ɗaya tak, domin gajiya ce ke ɓata wa abokan tafiya rai. Da yamma sai teamLab Planets, gidan baje fasahar haske da hotuna masu motsi, a Toyosu, shi ma a sayi tikitinsa tun da wuri. Ba a shiga sashen ruwa da takalmi, ana ratsa ruwa har kusan gwiwa, wasu ɗakunan kuma madubi ne a ƙasa. Doguwar riga za ta jiƙe, don haka a sa wando mai naɗuwa, mata su sa shi a ƙarƙashin abaya.

Don sallah akwai masallacin Tokyo Camii kusa da tashar Yoyogi-Uehara. Ramen kuwa, wato taliya cikin romo, a tambaya kafin a ci, yawancinsa da romon alade ake yi.