Babi na Bakwai: Gyara Sautin Rediyon Mota da Kuɗi Kaɗan

Direban da yake jigilar fasinja daga Birnin Kebbi zuwa Jega, ko daga Argungu zuwa Sakkwato, yakan yini a bayan sitiyari, kuma rediyon motarsa ne abokin zamansa tun safe har dare. Da shi yake jin labarai, da shi yake sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri, da shi kuma yake korar gyangyaɗi idan hanya ta yi tsawo. Yawancin motocin da muke hawa 'yan Kwatano ne, sun daɗe a hannun wasu kafin su iso gare mu, saboda haka rediyo da sifikun da kamfani ya sa musu sun riga sun gaji. Idan aka haɗa da zafin bazara na watan Maris zuwa Mayu da ƙurar hunturu, sai takardar sifika ta bushe ta tsage, soson da ya kewaye bakinta ya ruɓe, murya ta koma gwarangwaram. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gyara wannan matsala daki-daki, ba tare da an zubar da kuɗin cefanen gida ba.

Aikin farko na kunne ne, kuma ba ya cin ko kwabo. A tsayar da mota a inuwa, a kunna rediyo a kan shirin da mutum ɗaya yake magana, domin muryar mutum ta fi kiɗa saurin tona asirin sifika. A yawancin rediyo akwai wurin da ake karkatar da sauti zuwa dama ko hagu, an rubuta masa BAL, da wurin da ake kai shi gaba ko baya, an rubuta masa FAD. A bi sifikun ɗaya bayan ɗaya da waɗannan biyun. Wadda ta yi shiru ɗungum, sau da yawa wayarta ce ta tsinke a inda take shiga ƙofa, saboda buɗewa da rufewa na shekaru. Wadda take kakarin murya idan an ƙara sauti, ita ce ta yage. Wani lokaci kuma sifikar lafiyarta lau, marfin ƙofa ne ya yi sako-sako yake karkarwa, kuma ɗaure noti biyu da cusa ɗan soso ya wadatar.

Wata matsala kuma daga ƙasar da aka ƙera rediyon take. Rediyon da aka yi domin kasuwar Japan, idan tsohon yayi ne, yana kama zangon FM daga 76 zuwa 90 kawai, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108, shi ya sa mai irinsa yake rasa yawancin tashoshi ko da eriyarsa lafiya lau take. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma babu sifikar da za ta magance ta.

Idan rediyon yana da rai amma kaset ko faifan CD kawai yake ci, ba dole ba ne a cire shi. Akwai wata 'yar na'ura da ake sokawa a ramin kunna taba, tana karɓar sauti daga wayar hannu ta Bluetooth ko daga memori, ta aika wa rediyon kamar ita ma tasha ce. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi lambar da babu wata tasha a kanta, a daidaita na'urar da rediyon a kan lamba ɗaya. Sautinta bai kai na waya kai tsaye tsabta ba, don haka idan rediyon yana da ƙaramin ramin da aka rubuta wa AUX, gara a sayi wayarsa, wadda ta fi arha kuma ta fi kyau.

Sifika kafin rediyo

A ganina, wanda kuɗinsa bai isa ya sayi komai a lokaci ɗaya ba, ya fara da sifikun gaba guda biyu, domin su ne suke kusa da kunnen direba, kuma a nan ake jin bambanci nan take. Kafin a je kasuwa a kwance tsohuwar a tafi da ita, ko a auna faɗin bakinta da zurfinta a rubuta a takarda. Girman da aka fi samu a ƙofa shi ne inci 6.5 ko inci 5.25, na dashbod yakan zama inci 4, na bayan kujera kuma a wasu motoci inci 6 da 9 ne, mai siffar ƙwai. Zurfin yana da muhimmanci kamar faɗin, saboda sifikar da mayen ƙarfenta ya yi tsawo za ta hana gilashin ƙofa sauka. Ga yanayin ƙasarmu, wadda fuskarta ta roba ce kuma bakinta na roba ne ta fi ta takarda da soso jure zafi da ruwan damina.

Yanzu mun zo inda karatun da muke koyo zai tsare mana aljihu. A jikin kwalin sifika za ku ga an rubuta lamba da manyan haruffa, wataƙila 500W ko 1000W, kusa da kalmar MAX ko PEAK. Harafin W yana nufin wat, ma'aunin ƙarfin lantarki, amma wannan babbar lamba ƙarfin da sifikar za ta iya ɗauka ne na ƙiftawar ido kawai, kuma an buga ta ne domin jan hankalin mai saye. Lambar gaskiya ita ce wadda take kusa da haruffa uku, RMS, wato ƙarfin da sifikar take iya ɗauka a kai a kai, kuma galibi a bayan kwali take da ƙananan haruffa. Haka abin yake ga rediyo: wanda aka rubuta masa 50W sau 4, ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Saboda haka sifika mai wat 30 zuwa 50 na RMS ta ishe shi, kuma wanda ya biya kuɗin wat dubu ya sayi tawada ce a kan kwali. A duba kuma bayan sifikar, inda za a ga lamba 4 tare da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan alama ana kiranta om, ma'aunin yadda sifika take tare wutar da ke bi ta cikinta, kuma yawancin rediyon mota an yi su ne domin sifika mai om 4. Ina roƙonku da ku riƙe wannan da kyau, domin na sha ganin direba ya ɗaura sifiku biyu a kan waya ɗaya don ya ƙara ƙara. Idan aka haɗa biyu masu om 4 a haka, om ɗinsu yakan ragu ya koma 2, rediyon ya riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa, ya yi zafi, daga ƙarshe ya ƙone.

Sunayen Pioneer da Sony da Kenwood da JVC sanannu ne, kuma sanin da aka yi musu ne ya sa jabunsu suka cika kasuwa. A sa mai shago ya gwada kayan a gaban ido, a kuma karɓi rasit.

Haɗa wayoyi

Kafin a taɓa kowace waya, a kashe mota a kwance kan batir mai alamar ɗebewa (−). Amma a fara tambaya ko rediyon kamfanin yana da lambar sirri, domin wasu motocin Honda da Volkswagen sukan kulle rediyonsu idan wuta ta yanke, ba ya sake buɗewa sai da lambar. Ramin da rediyo yake shiga a dashbod iri biyu ne, faɗinsu ɗaya, kimanin inci 7, amma tsayin ɗaya inci 2 ne, ɗayan inci 4.

Sababbin rediyon da ake sayarwa a kasuwa kusan duk launin wayoyinsu ɗaya ne. Rawaya tana ɗaukar wutar batir ta volt 12 a kowane lokaci, ita ce take riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota. Fara ta sifikar gaba ta hagu ce, ruwan toka ta gaba ta dama, koriya ta baya ta hagu, shunayya ta baya ta dama, kuma kowace tana da 'yar'uwa mai baƙin layi, wadda ita ce ta ɗebewa. Wayoyin da suke fitowa daga jikin motar kuwa launinsu ya danganta da kamfani, don haka kada a haɗa ja da ja da ka. A nemi soket ɗin da ya dace da irin motar maimakon a yanke wayoyin asali. Masu Golf su lura cewa a motocin Volkswagen da yawa gurbin ja da na rawaya a juye suke, kuma alamar hakan ita ce rediyo ya riƙa manta tashoshinsa duk lokacin da aka kashe mota.

Idan aka juya wayar sifika ɗaya, tarawa (+) ta koma ɗebewa, fuskar ɗaya za ta riƙa fita lokacin da ta ɗayar take shiga, sai kaurin sauti ya ɓace. Ana gane daidai da batirin tocila mai volt 1.5: a taɓa wayoyin sifikar da shi na ɗan lokaci, idan fuskarta ta turo waje, wayar da take kan tarawar batirin ita ce ta tarawa.

Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da babbar sifikar da ake sawa a but ɗin mota su ne na ƙarshe, kuma mai motar haya ba ya bukatarsu. Wanda ya ga lallai sai ya sa, ya yi wannan lissafi tukuna: a raba wat da volt, a sami amfiya, wato yawan wutar da za a ja. Amfilifaya mai wat 240 a kan volt 12 tana jan aƙalla amfiya 20, nauyin da tsohuwar altaneta da siririyar waya ba za su ɗauka ba. Dole a ja wa amfilifayar waya mai kauri daga batir, a sa fis a kan wayar kusa da batirin, kada tazarar ta wuce santimita 45. Kada kuma a yarda a naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fis ɗin da ya ƙone, domin fis yana ƙonewa ne don kada motar ta kama wuta. Wannan aiki na ƙwararren mai wayarin ne, kuma ladan aikinsa yana cikin kuɗin da za a ware tun farko.

Game da ƙara, masana lafiya sun nuna cewa sautin da ya kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), idan ana jin sa awa 8 a kullum, yana rage ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan sai kun ɗaga murya kafin fasinjan da yake gefenku ya ji ku, to sautin ya yi yawa, kuma zai iya hana ku jin hon ɗin motar da take bayanku.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya nemi kwalin sifika ko tsohuwar sifika a garejin unguwarsu, ya kwafo a littafinsa girmanta da inci, da lambar da take kusa da RMS, da lambar om. Sannan ya lissafa amfiya nawa amfilifaya mai wat 360 za ta ja a kan volt 12, ya zo da amsar a zama na gaba.