Yadda ake ɗaukar kekuna a ƙaramar tirela, da kula da ita a Legas

Keke ba ya lalacewa a hanya don nauyi, gugar juna ce ke cinye shi. Kafin a ɗora, a cire feda ko a naɗe ta da tsumma, domin ita ce ke karce fenti tana karya wayoyin tayar keken da ke kusa. A jera su kai da ƙafa: wannan sitiyarinsa gaba, na kusa da shi baya, kwali ko tsohon tif a tsakani. Kowane keke igiya uku, ɗaya a kowace taya, ɗaya a jikin firam. Kada igiya ta bi ta kan wayar birki ko giya. Ita ma tayar gaba a ɗaure ta da firam, in ba haka ba iska za ta riƙa juya ta.

Babban keke yakan kai kilo 12 zuwa 18. Huɗu kaɗai sun doshi kilo 70, ga tanti ga jarkar ruwa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kayan su zauna gaban tayoyin tirelar. Idan nauyi ya rinjaya baya, da zarar an fita cunkoso an hau titin Legas zuwa Ibadan, sai tirelar ta fara wutsiya, wato kaɗawa hagu da dama. In ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ban da taka birki da ƙarfi. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciye su ƙarƙashin maƙalar da ke haɗa tirela da mota. Bayan kilomita 20 na farko a tsaya a sake jan igiyoyi, gargada tana sassauta su.

Babban abokin gabar tirela a garin nan ruwa ne, musamman a Yuni da Yuli. Boris ɗin taya yakan yi zafi a tafiya. Idan aka kutsa cikin ambaliya ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwa ta bakin robarsa. Giris ya koma fari-fari kamar madara, tsatsa ta kama, wata rana taya ta cije a tsakiyar gada. Saboda haka duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a ɗaga ta da jak a juya. In aka ji gurnani ko girgiɗi, a kwance boris ɗin. A wanke da kananzir, a bushe, a cusa sabon giris, a sa sabuwar roba. Ko ba ambaliya, a yi haka sau ɗaya a shekara. Mai zuwa kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo sayen boris ya tafi da tsohon a hannu, lambarsa na jikinsa.

Wanda ya kai tirelar bakin teku, Badagry ko Lekki, ya wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo ranar da ya dawo. Fitila in tana wasa, yawanci gishiri ne ya ci wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe. A kankare wurin a shafa giris.

Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ta wuce shekara shida, a sauya. Tamfol kuwa kada a naɗe shi da danshi, kwana kaɗan funfuna ta kama shi a laimar Legas.