Yadda ake gina shafin intanet da tsoho zai yi amfani da shi ba sai an kira jika ba

Ranar da na zauna da kakana a zaurensa a Jekadafari muna cike wani fom a waya, sau uku shafin yana koro mu. Kafin ya lalubo tabarau, ya karanto lambobin NIN ɗinsa guda 11 ɗaya bayan ɗaya, lokaci ya ƙare, komai ya goge. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Karɓi abinka, ja'iri, ba don mu aka yi shi ba." Ni da sana'ata gina shafuka ce, kunya ta kama ni. Ga yadda nake aiki tun daga ranar.

Fara da rubutu. Kada girmansa ya gaza fiksel 16 (fiksel shi ne ma'aunin girman abu a fuskar waya ko kwamfuta), kuma ka tabbatar ko an ninka shi biyu shafin ba zai wargaje ba. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, ta ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a ofis mai labule, amma fita da shi tsakar ranar Gombe ka gani. Ka zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, irin Noto Sans ko Andika, kada "ƙasa" ta fito da akwati a gabanta.

Sai maɓallai. WCAG 2.2 da ta fito a 2023 ta sa fiksel 24 a matsayin mafi ƙanƙanta, amma ni 48 nake bi, yadda Google ke ba masu Android shawara, don yatsan da ke rawa ba ya saiti. Rubuta kalma a kai: Aika, Koma baya, Kira mu. Gajerun layukan nan uku na saman shafi da muke ɓoye jerin zaɓuɓɓuka a bayansu, kakana ɗauka ya yi ado ne.

Fom ne inda aka fi wahalar da mutane. Tambaya ɗaya ko biyu a kowane mataki, a ajiye abin da aka riga aka cike, a yi gargaɗi kafin lokaci ya ƙare tare da damar ƙarawa. Wajen ranar haihuwa, bar mutum ya rubuta shekara da hannunsa, kada ka sa shi jan kalanda wata-wata har zuwa 1948. In an yi kuskure, faɗi inda yake: "Lambar wayar saura guda ɗaya."

Kada ka manta sau da yawa mutum biyu ne a bayan fom ɗin. Misali, 'ya tana Gombe tana neman wa mahaifiyarta ranar ganin likita, lambar tabbatarwa kuma ta tafi wayar tsohuwar a Kumo, wayar tana wajen mai caji. Sa zaɓin "Ina cike wa wani", da gurbin lambar mai kula da majinyaci. A ƙarshe ka ba da taƙaitaccen shafi guda da za a tura ta WhatsApp ko a buga a takarda.

Rage nauyin hotuna, kada bidiyo ya kunna kansa ya cinye data, ka rubuta wa kowane hoto bayani don masu sauraro ta TalkBack, manhajar Android mai karanto abin da ke fuskar waya da murya. Dattawa da yawa ajami suka fi sabawa da shi, saboda haka murya da aka naɗa da Hausa tana taimakawa ƙwarai.

Kafin ka saki shafin, nemi tsohuwar Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi, ka miƙa wa wata dattijuwa a unguwa, ka ce, "Iya, gwada nemo mini lambar wayarsu." Sai ka harɗe hannu, ka yi shiru, ka riƙa rubuta duk inda yatsanta ya tsaya.