Kurakuran sababbin masu jinya a gidajen Sinawa masu ciwon sukari

Shekara 9 ina jinyar tsofaffi a gidajensu a unguwannin Flushing da Sunset Park na New York, kuma na gaji da ganin 'yan'uwanmu sababbin zuwa suna faɗawa ramin da na faɗa.

Babban kuskuren shi ne hana shinkafa. Ni na yi wa wata tsohuwa 'yar Taishan ta kudancin ƙasar Sin haka. Na ɗauke kwanonta, na ajiye mata ganye da kaza a gefe. Mutanen da gaisuwarsu ma "kin ci shinkafa?" ce, yadda muke tambayar kwana! Cikin mako biyu ta daina zama cin abinci da jikokinta, ta rage ci, alhali tana shan glipizide, maganin rage sukari, kullum. Wata safiya na tarar da ita tana gumi, hannu na karkarwa, na'urar gwajin sukari ta nuna 52, wato sukarinta ya faɗi ƙasa sosai. 'Yarta ta sallame ni, kuma tana da gaskiya. Yanzu ƙaramin kwano nake ba su, a fara da ganye da kifi ko awara, shinkafa ta biyo baya, kowa yana zaune. Kunun shinkafarsu na safe, jook, shi na fi sa wa ido, don yana ɗaga sukari da sauri. Ina rage shi, in haɗa da dafaffen ƙwai.

Sai masu yi wa mara lafiya wa'azi shi kaɗai. Haba! Shi ke cefane? Ku nemi mai riƙe da tukunya, mata ko suruka, ku zauna da ita. Tsofaffin nan sukan ɓoye ciwo don kada su ɗora wa 'ya'yansu nauyi, "lafiya lau" ɗinsu ba ta wadatar da ni. Kuma ku daina mai da jika ɗan shekara 12 tafinta, ku nemi na asibiti.

Kada siririn jiki ya ruɗe ku: tun 2015 ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta ce a fara gwada 'yan Asiya daga ma'aunin ƙiba 23 maimakon 25.

Kada ku raina saiwar ginseng da sauran saiwoyin maganinsu na gargajiya. Ku rubuta sunayen, ku kai wa likita.

Da yawa suna ɗaukar allurar insulin alamar ajali ya matso, sai da lallashi.

Ranar bikin tsakiyar kaka kuwa, ina yanka kek ɗin wata, wato kek mai zaƙi da suke ci a bikin, gida huɗu, in miƙa wa tsohuwa rabonta a gaban kowa, in gwada sukarinta bayan awa biyu.